Escalate: Kalmar da ke ɓoye hannun da ya rura wutar rikici

Da asubahin ranar 7 ga watan Mayun 2025, Indiya ta kai hare-hare da makamai masu linzami a wurare tara cikin Pakistan da kuma ɓangaren Kashmir da ke hannun Pakistan. Ta ce martani ne kan kisan mutum 26 da 'yan bindiga suka yi a Pahalgam ranar 22 ga watan Afrilu.

Abin da ya ja hankali shi ne sanarwar da ma'aikatar tsaron Indiya ta fitar a lokacin. Ta ce an auna harin, an taƙaita shi, kuma ba irin wanda zai ƙara wa rikici zafi ba ne. Kalmar Turancin da ta yi amfani da ita ita ce "non-escalatory". Firaministan Pakistan Shehbaz Sharif kuwa cewa ya yi wannan tsokanar yaƙi ce tsagwaronta. Ƙasashen biyu masu makaman nukiliya suka kwashe kwana huɗu suna musayar wuta, kafin a tsagaita ranar 10 ga wata.

Ta yaya ƙasa za ta harba makami mai linzami cikin maƙwabciyarta, sannan ta ce ba ta ƙara zafin rikici ba? Amsar tana cikin wata kalmar Turanci da a yau da wuya a karanta labarin yaƙi ba a ci karo da ita ba: "escalate". Kafafen yaɗa labarai na Hausa na fassara ta kusan kullum, wani lokaci su ce rikici ya ta'azzara, wani lokaci ya yi ƙamari ko ya ƙazanta. Sai dai akwai abin da ke salwanta a wajen fassarar, kuma abin da ke salwantar shi ne ya fi muhimmanci ga mai karatu.

Daga matakalar lantarki zuwa fagen daga

Kalmar ba tsohuwa ba ce a Turanci. Ta samo asali ne daga "escalator", wato matakalar nan mai tafiya da kanta da ake gani a manyan filayen jiragen sama da kantunan zamani. Wani Ba'amurke mai suna Charles Seeberger ne ya raɗa wa na'urar wannan suna, kuma kamfanin Otis ya nuna ta a baje-kolin birnin Paris na shekarar 1900. Tushen sunan yana da nasaba da kalmar Latin "scala", wadda ke nufin tsani.

Daga sunan na'urar ne Turawa suka ƙirƙiro aikatau. Da farko ma'anarsa ba ta wuce hawa wannan matakala ba. A zamanin yaƙin cacar baka, musamman ƙarshen shekarun 1950 da farkon na 1960, masana harkar tsaro a Amurka suka karɓe kalmar. Damuwarsu a lokacin ita ce yadda ƙaramar hatsaniya tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet za ta iya hawa mataki bayan mataki har ta kai ga jefa bam ɗin nukiliya.

Wanda ya fi kowa tallata wannan tunani shi ne Herman Kahn. A littafinsa na 1965 mai suna On Escalation, ya zana rikici a matsayin tsani mai hawa 44. A ƙasa akwai zaman doya da manja da musayar zafafan kalamai. A ƙololuwa akwai yaƙin da kowane ɓangare zai saki duk makaman nukiliyar da ya mallaka ba tare da wani lissafi ba.

Ke nan kalmar na ɗauke da hoto biyu a cikinta. Na farko tsani, wanda mutum ke ɗaga ƙafa da kansa ya taka, ya ga dama ya tsaya, ya ga dama ya sauko. Na biyu matakalar lantarki, wadda da zarar ka ɗora ƙafa sai ta yi sama da kai ko ka motsa ko ba ka motsa ba. 'Yan siyasa da janar-janar sun daɗe suna cin moriyar wannan harshen damo. Idan za su kai hari, sai su yi magana kamar masu hawa tsani, wai sun san inda za su tsaya. Idan abu ya ɓaci, sai su yi magana kamar waɗanda na'ura ta kwasa.

Jimla ɗaya, fuska biyu

A nahawun Turanci, ana iya amfani da kalmar ta hanya biyu. Ana iya cewa ƙasa kaza ta yi wa rikici wannan aiki, wato an ambaci mai aikatawa. Ana kuma iya cewa rikicin ne da kansa ya yi, ba tare da an ambaci kowa ba.

Hanya ta biyu ce ta fi yawa a kanun labarai da sanarwar ofisoshin jakadanci, kuma dalili a fili yake. Jami'in diflomasiyya da ba ya son ɓata wa kowa rai zai ce yana nuna damuwa kan yadda al'amura ke ta'azzara, ya yi kira ga dukkan ɓangarori su kai zuciya nesa. Ya yi magana, amma bai nuna kowa da yatsa ba. Editan da ke gudun a zarge shi da son kai, shi ma sai ya fake a nan.

Hausa na da kalmomi masu yawa a wannan fage, kuma kowacce da inda ta dosa. Idan aka ce abu ya tsananta, ƙarfinsa ne ya ƙaru. Idan aka ce ya ƙazanta, ya yi muni, yawanci an zubar da jini. Rincaɓewa na nuna an rasa gane kan al'amarin. Ƙamari na nuna ya kai matakin da shawo kansa zai yi wuya. Duk waɗannan suna ba da labarin halin da abu ya shiga, ba sa tambayar wanda ya jefa shi ciki. Haka kuma babu hoton mataki-mataki a cikinsu.

Larabci ya riƙe hoton, domin kalmar da tashoshin Larabawa ke amfani da ita, "tas'id", daga tushen hawa sama ta fito. Faransanci ma haka, "escalade" ake cewa, kalmar da masu sauraron labarai a Yamai da Maraɗi suka saba ji.

Amma Hausa na da abin da ya fi wannan kaifi idan ana son faɗin gaskiya: rura wuta. Wuta ba ta rura kanta a bakin Bahaushe, sai an ce wane ne ya rura ta. Akwai kuma zafafa hare-hare, da tsokano faɗa, da ƙara wa wuta fetur. Duk mai fassarar da ya zaɓi "ya ta'azzara" a inda ya kamata ya ce "wane ya rura", ya yanke hukuncin da mai karatu bai sani ba.

Darasin Vietnam

Yaƙin Vietnam ne ya fito da kalmar daga ɗakunan masana zuwa bakin talakawan Amurka. A ƙarshen 1964 sojojin Amurka da ke Vietnam ta Kudu kimanin 23,000 ne, akasarinsu da sunan masu ba da shawara. Bayan abin da ya faru a Mashigin Tonkin a watan Agustan shekarar, majalisar dokokin Amurka ta sakar wa Shugaba Lyndon Johnson mara ya yi amfani da ƙarfin soja.

A watan Maris na 1965 aka fara ruwan bama-bamai a kan Vietnam ta Arewa, aka kuma sauke sojojin kundumbala kusan 3,500 a Da Nang. Kafin shekarar ta ƙare adadin sojojin ya haura 180,000. Zuwa 1968 ya zarce rabin miliyan.

Lissafin mahukuntan Washington shi ne a riƙa ƙara matsi kaɗan-kaɗan har abokin gaba ya ga ba riba ya nemi sulhu. Abokin gaban bai karanta lissafin haka ba. Duk ƙarin da aka yi, shi ma sai ya ƙara. Amurka ta rasa sojoji sama da 58,000, 'yan Vietnam da suka mutu kuwa ana maganar miliyoyi.

Kowane ƙarin soja a wannan yaƙi, akwai wanda ya nema a rubuce, akwai wanda ya sa hannu. Duk da haka, idan ana ba da labarin a taƙaice, sai a ce yaƙin ne ya ta'azzara, kamar ambaliyar ruwa ce ta zo da daddare.

Babban raunin tsanin Kahn ya bayyana a nan. Yana ɗauka cewa ɓangarorin biyu tsani ɗaya suke kallo, kuma sun yarda da tazarar da ke tsakanin hawa da hawa. A zahiri, abin da wannan ya ɗauka gargaɗi ne, wancan yana iya ɗaukarsa cin mutuncin da ba za a bari ba.

Iran da Isra'ila: wata 14 a kan tsani

Wani misali shi ne abin da ya gudana tsakanin Iran da Isra'ila daga Afrilun 2024 zuwa Yunin 2025. Ƙasashen biyu sun shafe shekaru suna yaƙin sunƙuru, ta hanyar ƙawaye da kashe-kashen ɓoye da kutsen kwamfuta, amma ba su taɓa harbin juna kai-tsaye daga ƙasa zuwa ƙasa ba.

Ranar 1 ga Afrilun 2024 aka kai hari kan ginin ƙaramin ofishin jakadancin Iran da ke Damaskus, babban birnin Siriya, aka kashe Janar Mohammad Reza Zahedi da wasu jami'ai. Iran ta ɗora alhakin kan Isra'ila. A daren 13 ga wata ta saki jirage marasa matuƙa da makamai masu linzami sama da 300, sannan ofishinta a Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce ana iya ɗaukar magana ta ƙare. Bayan 'yan kwanaki aka kai wani ƙaramin hari kusa da Isfahan.

Magana ba ta ƙare ba. An kashe shugaban Hamas Isma'il Haniyeh a Tehran ranar 31 ga Yuli, aka kashe shugaban Hezbollah Hassan Nasrallah a Beirut ranar 27 ga Satumba. Ranar 1 ga Oktoba Iran ta harba makamai masu linzami kusan 180. Isra'ila ta rama ranar 26 ga wata. Sai ranar 13 ga Yunin 2025 Isra'ila ta buɗe wuta kan cibiyoyin nukiliya da manyan kwamandojin Iran, yaƙin da ya ɗauki kwana 12, har Amurka ta shiga ta jefa bama-bamai a Fordo da Natanz da Isfahan.

A kowane mataki, mai harin yana cewa martani yake mayarwa, abokin gabansa ne ya ƙara zafin rikici. Inda mutum ya fara ƙirga labarin, shi ke nuna wanda zai ɗora wa laifi. Mai farawa daga 13 ga Afrilu zai ce Iran ce, mai farawa daga 1 ga Afrilu zai ce Isra'ila ce, wani kuma zai koma 7 ga Oktoban 2023 ko ma shekaru da dama kafin nan.

Wani abin lura shi ne abin da a watan Maris na 2024 ake ganin ba zai yiwu ba, bayan wata 14 ya zama abin da aka saba ji. Hawan da aka taka jiya, shi ke zama daɓen da za a tsaya a kai gobe.

Kalmar a matsayin makami

A yaƙin Yukren, kalmar kanta ta zama kayan faɗa. Tun bayan mamayar da Rasha ta ƙaddamar ranar 24 ga Fabrairun 2022, duk wani sabon makami da ƙasashen Yamma za su bai wa Yukren sai an yi watanni ana gardama a kai, saboda tsoron kada ya harzuƙa Moscow. Haka aka yi kan tankokin yaƙi kafin a amince a Janairun 2023, haka aka yi kan jiragen F-16.

A Nuwamban 2024 gwamnatin Joe Biden ta ba Yukren damar harba makaman ATACMS cikin ƙasar Rasha. Moscow ta ce Amurka na rura wuta. Washington ta ce Rasha ce ta fara, da ta kawo sojojin Koriya ta Arewa yankin Kursk. Ranar 19 ga wata Vladimir Putin ya sa hannu kan sabuwar manufar amfani da nukiliya, ranar 21 kuma Rasha ta harba sabon makaminta na Oreshnik kan birnin Dnipro.

Duk wanda ya yi nasarar laƙaba wa abokin gabansa wannan kalma, ya samu hujjar ɗaukar mataki na gaba, ya kuma sa ƙawayen abokin gaban cikin taraddadi. Shi ya sa Indiya ta yi saurin wanke harinta tun kafin ƙura ta lafa.

Ana iya saukowa

Tarihi ya nuna cewa tsanin yana da hanyar sauka, kuma Turawa sun ƙirƙiro "de-escalate" domin wannan. Bahaushe zai ce an yayyafa wa wutar ruwa, ko an mayar da wuƙa cikin kube.

A Oktoban 1962, lokacin da Amurka ta gano makaman nukiliyar Sobiyet a Kyuba, an yi kwana 13 duniya na zaman ɗar-ɗar. Wasu janar-janar sun so a kai hari ta sama. John Kennedy ya zaɓi tare hanyar jiragen ruwa. Daga ƙarshe Nikita Khrushchev ya janye makamansa, Amurka ta yi alƙawarin ba za ta mamaye Kyuba ba, a ɓoye kuma ta yarda ta kwashe nata makaman daga Turkiyya. Kowa ya samu abin da zai nuna wa mutanensa.

Mu ma a nan mun ga irin wannan. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, Ecowas ta ƙaƙaba takunkumi ranar 30 ga wata, ta ba sojoji wa'adin mako guda su mayar da Mohamed Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyakoki, Najeriya ta katse wutar lantarki. Mali da Burkina Faso suka ce taɓa Nijar tamkar shelanta yaƙi ne a kansu. Ranar 10 ga Agusta Ecowas ta ba da umarnin shirya rundunar ko-ta-kwana.

Yaƙin bai auku ba, kuma sunayen waɗanda suka taka birki sanannu ne. Majalisar dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan matakin soja. Sanatocin Arewa sun fito sun yi magana. Muhammadu Sanusi II ya je Yamai ya gana da Janar Abdourahamane Tiani, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ita ma ta je. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. Amma saukowa ba ta mayar da komai yadda yake ba: Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga Ecowas ranar 29 ga Janairun 2025, 'yan kasuwar Jibiya da Illela da Maigatari kuma sun san asarar da watannin rufe iyaka suka jawo musu.

A kasuwa da banki

Kalmar ba ta tsaya a fagen yaƙi ba. Jaridun Turanci na amfani da ita ga farashin kaya, da yaɗuwar cuta, da matsalar tsaro. Kusan kullum abu marar daɗi take bi, da wuya a ji an yi amfani da ita ga ƙaruwar lafiya ko kwanciyar hankali.

A nan ma tana iya ɓoye hannu. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya bayyana a jawabin rantsuwarsa cewa tallafin mai ya tafi. Cikin kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500. Ko mutum na goyon bayan matakin ko yana adawa da shi, cewa kawai farashi ya yi tashin gwauron zabi rabin labari ne.

Akwai kuma wata ma'ana ta daban da ke rikita mutane da yawa. Idan ka tura kuɗi suka maƙale, ka kai ƙorafi banki, ma'aikaci ya ce maka an yi "escalating" ɗin maganarka, ba yana nufin matsalar ta ƙara muni ba ne. Yana nufin an miƙa ta ga na gaba da shi, wanda ke da ikon warwarewa. Hoton tsanin ne dai, amma a nan tsanin muƙamai. Mai ƙorafi na da haƙƙin ya tambayi wane sashe aka miƙa wa, ya karɓi lambar ƙorafinsa, ya san ranar da zai ji amsa. Idan banki ya gaza, Babban Bankin Najeriya na da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna da ake kai ƙara gare shi. Ba tare da lamba da rana ba, kalmar na iya zama hanyar sallamar mutum cikin ladabi.

Abin da mai karatu zai riƙa tambaya

Ba kowane lokaci ne "ya ta'azzara" ke zama rufa-rufa ba. Akwai rikicin da hannaye suka yi masa yawa har ba a iya ware na farko, akwai kuma lokacin da ɗan jarida bai tabbatar da wanda ya fara ba, kuma gara ya yi taka-tsantsan da ya yi ƙage. Sai dai taka-tsantsan na sa'o'in farko daban, ɗabi'ar kullum daban.

Mai karanta labari a waya yana da tambayoyi uku da za su taimake shi. Wane ne ya ɗauki matakin da ya fi na jiya tsanani? Daga wace rana mai ba da labarin ya fara ƙirga? Wa ke da ikon tsayawa, kuma me zai samu idan ya tsaya?

Ga masu fassara a ɗakunan labarai kuwa, nauyin ya fi haka. Miliyoyin mutane daga Kano zuwa Damagaram ba za su taɓa karanta sanarwar New Delhi ko Tehran ko Abuja da Turanci ba, abin da aka juya musu zuwa Hausa shi za su ji. Idan an san wanda ya rura wutar, Hausa na da kalmar da za ta faɗi sunansa, sai a yi amfani da ita.